Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ma'aikatu, hukumomi da manyan makarantun Jihar Sakkwato kan kujerar shugaban sashen kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu manyan sakatarori, shugabannin hukumomi, da masu riƙe da ragamar jami'o'i, kwalejoji da asibitocin jihar nan, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku gaisuwar 'ya ga iyayenta, tare da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da ya ɗora muku.

Ni haifaffiyar cikin garin Sakkwato ce, ilimin kwamfuta na karanta, kuma shekara 14 ke nan ina aiki a sashen kwamfuta na wata hukuma. Ba zan ambaci sunanta ba, domin ban zo tona asirin kowa ba, kuma abin da ya faru a wurinmu ba mu kaɗai ya shafa ba. Hannuna ne ya rubuta, amma maganar ta mata da yawa ce: masu rubuta manhaja, masu kula da rumbun bayanai, masu shigar da bayanai, da malaman kwamfuta na makarantu. Muna da zaure a WhatsApp inda muke tambayar juna idan aiki ya cije. A can aka ce in rubuta, kuma sai da na karanta musu suka gyara kafin na fitar.

Ga abin da ya tayar da maganar. Shugaban sashenmu ya daɗe ba shi da lafiya kafin ya yi ritaya, Allah ya ba shi lafiya. Kusan shekara biyu wata yayata a wurin aiki ce ta riƙe sashen riƙon ƙwarya. Ita ke tsara albashi ya fita, ita ke amsa tambayar masu binciken kuɗi, ita ake bugawa waya da tsakar dare idan shafi ya tsaya. Da aka zo cike kujerar, sai aka ɗauko wani bawan Allah daga wani sashe aka ɗora. Ba a yi talla ba, ba a yi ganawa ba. Da ta je gaida ɗaya daga cikin manyanmu, ta yi ƙarfin halin tambaya, sai ya ce mata cikin fara'a: "Hajiya, wanga aiki na hawan hasumiya da kwana ɗakin inji na. Tausaya miki munka yi."

Ta yi godiya ta fito. Na tabbata dattijon nan har zuciyarsa yake faɗa, ba shi da niyyar cin zarafi. Abin da ya sa amsar ta fi damuna ke nan. Ta nuna mini cewa hoton wannan aiki da ke cikin zukatan masu yanke hukunci tsohon hoto ne, na zamanin da ya wuce, kuma da wannan tsohon hoto ake zaɓen wanda za a damƙa wa ɗaya daga cikin kujeru mafi haɗari a kowace ma'aikata.

Lokacin da na kama aiki, gaskiya ne, sashenmu wurin gyara ne. Firinta ta cinye takarda, a kira mu. Filash ya kwaso cuta, a kira mu. Oga ya manta yadda ake buɗe imel, a kira mu. "Yaron kwamfuta" ake ce wa shugaban sashen a bayan idonsa, ko da ya yi furfura. Ainihin aikin ma'aikata yana cikin fayil da kabad, kwamfuta kuwa tafireta ce mai haske. Idan ta lalace a jira mako guda, ba wanda zai kwana da yunwa.

Ku dubi abin da ya biyo baya. A 2014 aka fara BVN. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta tilasta asusun bai-ɗaya, a shekarar ce kuma JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Yau albashi, fansho, kuɗin makaranta, sakamakon jarrabawa, haraji, takardun marasa lafiya, duk sun tare a cikin na'ura ko suna kan hanyar tarewa. Kabad ɗin da a da ke ofishin babban sakatare da makulli a aljihunsa, yanzu yana hannun sashenmu, makullinsa kuma kalmar sirri ce.

Doka ma ta biyo sawu. A watan Yunin 2023 aka sanya hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta shafi ma'aikatun gwamnati kamar yadda ta shafi kamfanoni. Ta wajabta wa manyan masu riƙe da bayanan mutane su naɗa jami'in kare bayanai. Idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 aka bayar a sanar da hukumar. Tarar manyan masu riƙe da bayanai kuwa tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. A watan Mayun 2025 kowa ya ga shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye yana neman afuwa, saboda kuskuren na'ura da ya sa ɗalibai kusan dubu 380 na Legas da Kudu maso Gabas suka sake zama jarrabawa. Ku lura da wanda ya tsaya gaban kyamara ranar. Shugaban hukumar ne da kansa. Ranar da irin wannan ta faru a ɗaya daga cikin ma'aikatunku, Allah ya kiyaye, ku za a nema.

Mu nan Sakkwato ma mun ɗanɗana namu. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka riƙa juyawa ba sa buɗewa. A irin waɗannan ranaku tambayoyin da ke zuwa teburin shugaban sashen kwamfuta su ne: ta yaya ma'aikacin Isa ko Sabon Birni zai aiko da rahotonsa? Ina kwafin bayananmu na biyu yake, yaushe rabon da a gwada shi? Idan wuta ta ɗauke a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, minti nawa ɗakin na'ura zai jure kafin komai ya mutu, kuma sola ta fi mana sauƙi ko mu kama hayar ma'ajiya a wani wuri? Me yarjejeniyarmu da ɗan kwangila ta ce game da mai mallakar bayanan? Ga kuma sabuwa: ma'aikata sun fara kwafe wasiƙun gwamnati suna zubawa cikin ChatGPT don ya gyara musu Turanci. Wa zai shata musu iyakar abin da ya halatta su zuba? Duk cikin tambayoyin nan ban ga wadda ake amsawa daga saman hasumiya ba. Amurka tun 1996 ta yi dokar da ta tilasta wa manyan ma'aikatun tarayyarta naɗa babban jami'in bayanai mai ba shugaba shawara kai tsaye. Mu har yanzu a wurare da yawa sashen yana ƙarƙashin sashen mulki, tare da direbobi da masu kula da sito.

Wannan shi ne kukanmu na farko: ana auna kujerar da mudun da ya daina aiki, kuma mudun nan mata yake fara zubarwa. Hasumiya dai ta kamfanin waya ce ko ta ɗan kwangila, kuma a shekara 14 ban taɓa ganin darakta namiji ya naɗe babbar riga ya hau ta ba. Batun kwana kuma, ranku ya daɗe, ku leƙa kowane asibiti a garin nan ƙarfe biyun dare. Ungozoma na nan, ma'aikaciyar jinya na nan, likita mace na nan. Ba wanda ya tausaya musu ya ce su koma gida. Ashe tausayin yana tashi ne kawai idan kwanan yana tafe da kujera da mota.

Illar kuwa ba a kan mata take tsayawa ba. Idan aka ɗora wanda bai san aikin ba, ɗan kwangila ne ke zama shugaban sashen na gaskiya. Na gani da idona. An ba wani kamfani aikin gina mana shafin rajista. Yayar nan tawa ta rubuta takarda ta ce a tabbatar an yi rajistar adireshin shafin da sunan hukuma, a kuma karɓi kalmomin sirri kafin a biya kuɗin ƙarshe. Takardar ba ta wuce teburi na biyu ba, domin mai ita ba ta zama a taron gudanarwa. Bayan shekara guda aka samu saɓani kan biyan kuɗi, mutumin ya kulle shafin ya kashe wayarsa. Mutanen da suka biyo mota tun daga Illela da Tambuwal suka yini a ƙofarmu cikin rana, muka riƙa ba su haƙuri a kan laifin da ba namu ba. Daga ƙarshe aka biya shi abin da ya nema, har da ƙari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma an nuna muku tsagar tun tana siririya.

Kuka na biyu ya fi wannan tsufa, domin tun ranar kama aiki yake farawa. A turo yara biyu, namiji da mace, makaranta ɗaya, digiri ɗaya, wani lokaci ma ita ta fi shi sakamako. Shi a ce ya bi injiniya ɗakin na'ura ya koyi haɗa netwok. Ita a nuna mata tebur da tulin fayiloli a ce ta shigar. Ba mugunta aka yi ba, kowa yana ganin an sauƙaƙa mata. Bayan shekara goma a zo ƙarin girma, a tambaye shi ayyukan da ya jagoranta ya lissafo biyar, a tambaye ta ta ce ta shigar da sunaye. Sai a kaɗa kai a ce ai babu ƙwararrun mata. To ina za a same su, alhali an ɗaure akuya a turke shekara goma sannan ana tambayar me ya sa ba ta san daji ba?

Amma a nan akwai abin da nake so ku tsaya ku duba da kyau, domin shi ne ya fi ba ni takaici da dariya a lokaci guda. Wannan aikin da aka raina aka tura mu, shi ne ya zama zuciyar sabon aikin. Macen da ta shekara goma tana shigar da sunaye ta san rumbun bayanan ma'aikatarku fiye da kowa a cikinta. Ta san mutum ɗaya da ya shiga sau uku, sau ɗaya Muhammad, sau ɗaya Mohammed, sau ɗaya Mamman. Ta san dalilin da ya sa ɗaruruwan mutane suka zama haifaffun ranar 1 ga Janairu. Ta san ɗan fanshon da aka yi wa sadakar arba'in tuntuni amma sunansa bai sauka ba. Ta san fom ɗin da ƙananan hukumomi ke cikewa ba daidai ba duk wata, ta kuma san ba wauta ce ta sa ba, tambayar ce aka rubuta a baibai. Duk lokacin da aka tashi tantance ma'aikata don kama na bogi, sai a ɗauko masu ba da shawara daga Abuja ko Legas, a sauke su a otal, a biya su maƙudan kuɗi, su kuma su zo su zauna kusa da wannan baiwar Allah su tambaye ta, ta faɗa musu, su rubuta a rahoto da tambarin kamfaninsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu mai ɗakin ba a taɓa kiranta taro ba. Duk wata manhaja mai tsada da za ku saya, har da ƙirƙirarriyar basirar da ake ta yayi, abin da aka zuba mata shi za ta dafa. Idan tsakuwa ce a cikin shinkafar, tsakuwa za ta fito, sai dai ta fito da sauri.

Na uku shi ne horo. Takardar bita ta zo daga Abuja ko Kaduna, a zauna a rubuta sunaye. Idan wani ya ambaci mace, sai wani ya ce: "Ai maigidanta ba shi bari." Ba a tambaye ta ba, ba a tambayi maigidan ba. Ni da kaina sai bayan wata uku na ji cewa an cire sunana daga wani kos da wannan hujja. Da na faɗa wa maigidana, ya ce shi dai ba wanda ya yi masa sallama, kuma da an tambaye shi da shi zai kai ni filin jirgi. Akwai matan da ba za su iya tafiya ba, gaskiya ne, saboda goyo ko wata lalura, kuma ba abin kunya ba ne. Amma a bar mace ta faɗa da bakinta. Ban da wannan, ku ma kun sani wani lokaci wanda ake turawa kos ɗin tsaron kwamfuta ba ma'aikacin sashen ba ne sam, alawus ne ya kai shi. Ya dawo da jaka da takardar shaida, 'yan kutse kuma ba sa tsoron jaka.

Na huɗu zan faɗe shi a taƙaice kuma da ladabi. Shawarwari da yawa ba a ofis ake yanke su ba. Ana yanke su ne a majalisa bayan sallar isha'i, ko a falon oga ranar Asabar, ko cikin mota kan hanyar ta'aziyya. Washegari a zo taro a karanta abin da aka riga aka gama. Mu ba mu neman zama a majalisar maza, tarbiyyarmu ba ta ba mu ba, kuma ba ma sha'awa. Abin da muke cewa shi ne, maganar da ta shafi kwangila da muƙami da kasafin sashe a dawo da ita teburin ofis, cikin lokacin aiki, a rubuta wanda ya ce me.

Na biyar bai shafi ƙarin girmanmu ba, ya shafi iyayenmu mata da ƙannenmu da ke zuwa neman hidima. An taɓa tura mu rajistar wani tallafi a ƙauyuka. Wanda ya tsara manhajar ya sa sharaɗin cewa lambar waya ɗaya ta mutum ɗaya ce, duk wadda ta maimaitu a jefar da ita a matsayin maguɗi. A ofis wannan dabara ce mai kyau. A ƙauye kuwa wata dattijuwa ta dube ni ta ce: "Ɗiyata, wayar ta maigida ta, mu huɗu ka aiki da ita." Na'ura ta karɓi ta farko ta kori sauran ukun. Da akwai mace ɗaya da ta san zaman gidan yawa a teburin da aka tsara abin, da minti ɗaya ya isa ta hango wannan. Haka batun ɗaukar hoton matan kulle ba tare da an tanadi mace mai ɗauka ba, su ƙi fitowa, a rubuta cewa ba su da sha'awa. Haka ɗaliba ta cike fom da safe, da dare baƙon namiji ya kira ta da cikakken sunanta da unguwarsu, ba ta san inda ya samo ba. Mu mun san inda ya samo: kwamfuta ce da mutum goma ke buɗewa da kalmar sirri ɗaya, an ma rubuta ta a takarda an manna a bango. Uban da ya ji wannan ya cire 'yarsa daga makaranta, sai mu taru mu ce ba ya son ilimin mata.

Na san za a ce ina matan suke. A 2011 da aka ƙirƙiro ma'aikatar fasahar sadarwa ta tarayya, mace ce ta fara riƙe ta, Omobola Johnson, har zuwa 2015. Funke Opeke ce ta kafa kamfanin MainOne, ta shimfiɗo wayar intanet mai tsawon kilomita 7,000 ta ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas a 2010, daga baya wani kamfanin Amurka ya sayi kamfanin kan dala miliyan 320. Ban ji an tambaye ta ko ta iya nutso ba. Hukumar NIMC mai riƙe da lambar NIN ta kowannenmu, tun 2023 mace ke shugabantarta, Abisoye Coker-Odusote. In an ce waɗannan ai mutanen Kudu ne, to lokacin da aka ƙaddamar da eNaira, wato nairar da ake kashewa ta waya, a Oktoban 2021, daraktar sashen fasahar sadarwa ta Babban Bankin Najeriya ita ce Hajiya Rakiya Mohammed, wadda ta yi karatu a nan Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ko ma mene ne ra'ayin mutum kan eNaira, an damƙa wa mace na'urorin babban bankin ƙasa sama ba ta faɗo ba. Kada kuma a ɗauka ina cewa mu kaɗai ke da wannan ciwo. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, an kafa ta a 1865, sai a 2022 ta zaɓi mace ta farko, Doreen Bogdan-Martin, ta shugabance ta. Bature ma shekara 157 ya ɗauka. Sai dai mu Sakkwatawa ba mu da uzurin da yake da shi.

Ba taron yaye ɗalibai mata da za a yi a garin nan a tashi ba a ambaci Nana Asma'u ba. Ana faɗin an haife ta a 1793, ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, a tafa, a raba shinkafa. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne tsarin da ta gina. Ta zaɓo mata amintattu daga garuruwa, kowacce ana ce mata jaji, ta karantar da su, ta ba su karatu a waƙe don ya zauna a ka, su koma su karantar da 'Yan Taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatu, su dawo da tambayoyi da saƙonni. Wannan hanyar isar da bayani ce daga cibiya zuwa ƙauye da dawowa, ba tare da saƙon ya gurɓata a hanya ba, wato dai abin da ake biyan mu albashi mu yi yau da waya da na'ura. Kuma jaji ba kirari kawai aka yi mata ba. Malfa aka ɗora mata da jan rawani, alamar da duk wanda ya gani ya san an ba ta iko. Hubbaren mahaifinta Shehu Usmanu yana nan cikin gari, ba nisa da ofisoshinku. Abin da muke tambaya a wannan wasiƙa malfar ce, yabo kam mun sha.

Mu ma muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Cikinmu akwai masu jin nauyin neman muƙami, suna jira a gan su. Akwai waɗanda suka daina karatu tun ranar da suka karɓi takardar kama aiki, alhali wannan fanni ne da ilimin bara ke tsufa bana. Akwai kuma maza abokan aiki da suka koya mana abin da ba a tura mu koyo ba, suka bar mana makullin ɗakin na'ura, Allah ya saka musu da alheri. Shi ya sa ba mu roƙon a ware mana kujerar alfarma. Idan aka ɗora macen da ba ta iya ba don a cike gurbi a hoto, mu za ta fara kunyatawa, kuma shekara goma za a yi ana buga misali da ita.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

A sake rubuta bayanin aikin shugaban sashen kwamfuta ya dace da abin da kujerar ta zama: tsaron bayanai, sanin doka, karanta yarjejeniya, tsara kasafi, da iya yi wa shugaba bayani da harshen da zai fahimta. Idan kujerar ta zama babu kowa, a yi talla a fili, a yi ganawa, a gayyato masani daga waje ya zauna cikin masu tambaya, a rubuta maki. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana nan tun 1975, ga Jami'ar Jiha, ga Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ba a rasa wanda za a gayyato ba. Wanda ya ci, namiji ko mace, mu za mu fara yi masa mubaya'a.

A ba mai wannan kujera wurin zama a taron gudanarwa, ya riƙa kai rahoto ga shugaban ma'aikata kai tsaye. Kada a sanya hannu kan kwangilar manhaja ko shafi sai da ra'ayinsa a rubuce cikin fayil, kuma adireshin shafi da kalmomin sirri da bayanan da aka tara su kasance da sunan hukuma tun ranar farko. Wannan roƙon ko da babu mace ɗaya a sashen ya kamata a yi shi.

Inda doka ta wajabta naɗa jami'in kare bayanai, a fara dubawa cikin waɗanda suka shekara suna riƙe da bayanan, a horar da su, a ba su ikon cewa a'a. Kada ya zama ƙarin suna a jikin ƙofar wani da ayyuka suka riga suka yi masa yawa.

Sababbin ma'aikata kuma a riƙa zagaya da su. Kowa ya yi watanni a ɗakin na'ura, kowa ya yi watanni a shigar da bayanai, har da mazan, don su ma akwai ilimin da ke wuce su. A manna sunayen masu zuwa horo a allon sanarwa kafin tafiya, a tambayi mace da bakinta, kuma inda zai yiwu a kawo mai koyarwa Sakkwato ya horar da mutum ashirin da kuɗin da za a kai mutum uku Abuja. Duk wanda ya riƙe sashe riƙon ƙwarya a ba shi takarda, a sa a fayil ɗinsa, a lissafa masa ranar ƙarin girma.

Akwai kuma abu ɗaya da ba ya buƙatar kasafi ko kwamiti, kowannenku zai iya yin sa cikin makon nan. Ku sa a kawo muku takarda shafi ɗaya mai ɗauke da sunayen ma'aikatan sashen kwamfutarku, abin da kowa ya karanta, shekarar da ya kama aiki, ainihin abin da yake yi kullum, da horon ƙarshe da aka tura shi. Ku karanta da kanku, kada a taƙaita muku. Idan bayan haka kuna son jin ƙarin bayani, a shirye muke mu turo wakilai su same ku a ofis, da takardunmu a hannu.

Yayar tawa tana nan a teburinta na da. Sabon shugaban, mutumin kirki ne, kullum da safe yakan biyo ta wurinta da fayil ya tambaye ta yadda za a amsa, ta faɗa masa, ya sa hannu. Shekara shida suka rage mata ta yi ritaya, kuma ba ta san na sa labarinta a wannan wasiƙa ba sai da na karanta a zaurenmu. Cewa kawai ta yi in cire sunanta, na cire.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba jiharmu zaman lafiya.

Wassalam.

'Yarku,
ma'aikaciya a sashen kwamfuta, a madadin 'yan'uwanta mata masu wannan aiki,
Sakkwato.